Tirelar Kan Tebur

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana tuƙa tirela, bai taɓa kaɗe ko akuya ba. Haka yake faɗi, kuma ba a taɓa samun wanda ya ƙaryata shi ba. Sai wata safiya yana tsaye zai ɗaura agogo, hannunsa na hagu ya ƙi ɗagowa, bakinsa ya karkace. Wata biyu ya yi a gadon asibiti. Da aka sallamo shi baki ya koma daidai, ƙafa tana ɗan ja, hannun kuwa yana motsi, amma sai ya yi shawara kafin ya bi umarni. Likita ya ce tuƙi kam a haƙura tukuna, in shekara ta zagayo a dawo a sake gwada shi.

Duk cikin maganar likita, "tukuna" ɗin nan kaɗai Baba ya ji.

Su biyu ne a gidan, shi da 'yarsa ta ƙarshe da kowa ke kira Auta. Ita tela ce, kekenta na gindin tagar falo, inda haske ya fi shigowa. Daga ɗaya kusurwar kuma akwai tebur, a kansa tsohuwar kwamfutar da Yayanta ya bari lokacin da aiki ya kai shi nesa. Kafin ya tafi ya sayo sitiyari na wasa mai maƙalewa a bakin tebur, da abin takawa mai birki da totur, ya sa wa Baba wani wasa da ake ɗora wa mutum kaya a tirela ya kai wani gari. Da farko Baba ya ce shi ba yaro ba ne. Kwana uku tsakani Auta ta fito daga kicin ta tarar da shi ya gyara zama, ya tura hula ƙeya, yana leƙa madubin da ke cikin allon kafin ya sha kwana.

Tun daga ranar ya koma aiki. Ƙarfe takwas zai yi wanka ya sa kaya masu guga, ya zauna gaban tebur, ya danna maɓalli. Daga nan sai jira. Kwamfutar za ta yi tari, fankar cikinta ta ɗauki ƙara kamar injin niƙa, allon ya yi baƙi ya yi fari ya sake yin baƙi. Baba ya raɗa mata suna Gwaggo, wai sai an yi ta lallashi take tashi.

"Tashi mana, Gwaggo! Rana ta yi, lodi na jira."

"Baba, ka ba ta lokaci, ba ta gama miƙa ba."

"Miƙa? Wannan ai suma take yi. Jaka kawai! Da a gareji ne da tuni na sa an yanka ta an sayar a kilo."

Haka za a wuni. In ya hau tudu ya zage ta, in ya gangara ya zage ta, in hoton ya tsaya cak na ɗan lokaci ya buga tebur ya ce Allah ya raba shi da wannan gwangwani. Amma kaya suna isa. Duk la'asar sai ya ɗauki biro ya yi wa ranar alama a kalandar bango, alamar an je lafiya an dawo lafiya. Ranar da alamomin suka cika wata takwas ba gibi, ya kira amininsa Makanike, wanda suka yi zaman gareji ɗaya tun suna samari, ya nuna masa.

"Duba nan da kyau. Likita ya ce hannu ya mutu. Hannun da ya mutu ne ke shiga shataletale da taya goma sha takwas bai goge ko fenti ba?"

Makanike ya sa tabarau ya duba, ya ce, "To ai a nan ba ramuka, ba kuma jami'in hanya mai tsayar da kai."

"Baƙin ciki zai kashe ka. Wata mai zuwa zan koma wurin likitan, ya sa hannu, in karɓo lasina. Ka fara share min kujerar motata."

Auta na jin su tana murza keke. Ita ba ta san ko likita zai yarda ba. Abin da ta sani shi ne tun da ya fara wannan tuƙin ya daina zaman shiru yana kallon bango, abinci ma yana shiga. Abu ɗaya ke ci mata rai, wato yadda Gwaggo ke wahalar da shi. Kullum sai ta ji ya ce Allah ya raba shi da ita, kullum kuma sai ta ce a ranta, in Allah ya yarda ta hannuna zai raba ku. Ta daɗe tana ajiye wani abu daga kuɗin ɗinki, ba ta gaya wa kowa ba, ko Yaya.

Ranar Talata Makanike ya zo ya ɗauki Baba zuwa wurin motsa jiki, inda sukan kai azahar. Motarsu na fita ta cire wayoyin, ta naɗe Gwaggo a tsohon zani, ta rungume ta. Nauyi gare ta kamar buhun siminti.

Shagon mai gyara yana ƙarƙashin wani bene, siriri, mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace. Gawarwakin kwamfutoci jibge har rufi, wayoyi na reto a ƙusa, warin dalma ya cika wurin. Mai gyaran ya kwance murfin Gwaggo, ƙura ta tashi, ya ja da baya yana fifita hanci.

"Hajiya, wannan a ina kika tono ta? Ai ta girme ni."

Auta ta sunkuyar da kai. "Nauyi take yi. Ko za a iya ƙara mata ƙarfi?"

"A ƙara a ina? Katin hoton ya gaji, ƙwaƙwalwar 'yar mitsitsiya, faifan ma yana kuka. In na sa mata sabon abu ɗaya, sauran ba za su iya bin sa ba. Ƙaninki ke wasa da ita?"

"Babana."

Ya ɗago ya dube ta, ya ga ba wasa take ba, ya haɗiye dariyarsa. Ya ce abin da suke yi a shagon shi ne musaya: a bar tsohuwa, a yi ciko, a ɗauki wata mai ƙarfi. Ya jawo wata baƙa mai sheƙi daga ƙarƙashin benci, ya kwashe wasan da duk abin da Baba ya tara a ciki ya zuba a sabuwar, har jar tirelarsa mai ratsin fari. Ya danna maɓalli, kafin Auta ta gyara mayafi wasan ya buɗe.

"Kin gani? Tsoho zai sa miki albarka har ya gaji."

Ta fito ba ta ko waiwayi Gwaggo ba.

Albarka kam ta sha ta. Baba ya shigo yana dogara sanda, ya tsaya, ya dubi baƙar akwatin, ya dubi Auta. Da ta kunna, allon ya kawo nan take, ya ce, "Ikon Allah!" Bishiyoyin da a da suke kamar koren tabo yanzu har ganyensu ana gani. Ana yayyafi a cikin wasan, ɗigon ruwa na gangarowa a gilashi. Ya zauna ko takalmi bai cire ba.

"Auta, ke kika yi wannan? Da kuɗin allura?"

"Ba komai, Baba."

"Allah ya yi miki albarka. Allah ya ba ki masu yi miki. Makanike, matso ka ga mota, ba irin akwalar da kake kwana a ƙarƙashinta ba."

Ya ɗauki lodi, ya fito daga gareji, ya hau babban titi. Auta na tsaye bayansa, daɗi ya cika ta har ba ta san inda za ta sa hannuwanta ba. Kwanar farko ta taho. Kwana ce da ya sha ta fi sau ɗari. Ta ga kafaɗarsa ta motsa, hannun dama ya juya, na hagun ya biyo baya a makare. Tirelar ta daki ƙarfen gefen hanya, ta kwanta a rami.

Makanike ya yi gyaran murya ya ce, "Sabuwar mota sai an saba."

"Sitiyarin ne," in ji Baba. "An taɓa min shi wurin cire wayoyi."

Ya sake ɗaukar lodi. A danja ta biyu wata ƙaramar mota ta tsaya a gabansa, ƙafarsa ta nemi birki, kafin ta same shi ya haye ta. Ya sake. A bakin gada ya faɗa ruwa. Ranar ba a yi wa kalanda alama ba.

Washegari ma haka, jibi ma haka. Ƙarfe takwas yana zaune cikin kayan guga, yana riƙe da sitiyari har jijiyoyin hannunsa su fito, zufa na tsattsafo masa a goshi. In motar ta kife sai ya zuba wa allon ido, ya sake farawa. Abin da ya fi tayar wa Auta hankali shi ne ko sau ɗaya bai zagi sabuwar ba. Ba jaka, ba gwangwani. Ƙarar kekenta kaɗai ake ji, da ƙarar ƙarfe na haɗuwa da ƙarfe daga cikin wasan. A rana ta uku ta ga ya ɗora hannun hagun a cinya yana buɗe yatsun yana rufewa, yana kallonsu kamar na wani.

Da ya shiga ɗaki ya kwanta bayan azahar, ta kira Makanike ta roƙe shi ya kai ta shagon. Suka ɗauki baƙar akwatin da sitiyarin gaba ɗaya.

Mai gyara ya haɗa komai ya zauna ya tuƙa da kansa. Ya sha kwana, ya tsallake gada, ya kai kaya lafiya lau.

"Hajiya, ba abin da ya sami sitiyarin nan. Ƙalau yake."

"To me ya sa da ba ya faɗuwa, yanzu yake faɗuwa?"

Ya sosa gemu. Can ya ce, "Tsaya. A tsohuwar, in ya ɗauki lodin nan na bakin gada, minti nawa yake yi kafin ya isa?"

"Ina gama ɗinka riga ɗaya har in sa maɓallai. Kusan awa."

"Ni yanzu minti ashirin da biyar na yi." Ya juyo da kujerarsa. "Kin ga irin wannan wasan, in na'ura ba ta da ƙarfi, ba hoton kaɗai ke nauyi ba. Komai na ciki tafiyar hawainiya yake yi. Motarsa, motocin mutane, danja, duka. Allurar gudu za ta nuna masa tamanin, amma abin da ke zuwa gabansa bai kai rabin haka ba. Wato dai tsohuwar jiran sa take yi."

Auta ta matso kusa da shi. Ta dafa benci.

"A ba ni ita. A mayar min, ka riƙe cikon."

"Wace? Hajiya, ai mu ba ma kwana da tsohuwa. Ranar da ta shigo ranar ake farke ta." Ya nuna mata da sukuddireba. Can saman tulin ta hango murfin Gwaggo, da tabon kofin shayin Baba a kansa, cikinsa wayam. "Fankar na sa wa wani jiya. Sauran masu sayen ƙarfe sun kwashe."

Ta juya ga Makanike. "Baffa, shi fa ya ce Allah ya raba shi da ita. Kullum sai ya faɗa. Da kunnena."

Makanike ya cire hula ya shafa sanƙonsa. "Kayya, 'yar nan. Da kin tambaye ni. Direba ai ba ya yabon motarsa, tsoron baki yake. Wadda yake zagi ita ce tasa. Jar tirelar nan da ya yi shekara sha tara da ita, kullum sai ya ce gobe zai cinna mata ashana. Ranar da kamfani ya ce za a canja masa sabuwa, kwana biyu bai ci abinci ba."

A gidan direba aka haife ta, a gidan ta girma, amma ba ta taɓa zuwa gareji ba, ba ta san haka suke ba.

Mai gyara ya ga yadda fuskarta ta koma, ya ce, "Akwai dabara. Zan iya ɗaure wa sabuwar ƙafa, in hana ta gudu, ta koma kusan yadda waccan take. Ban taɓa yi ba, kowa gudu yake zuwa nema, amma zai yiwu."

"Ba zai gane ba?"

"In ba ki faɗa ba, wa zai faɗa?"

Ta dubi Makanike. Ya kau da kai yana kallon wayoyin da ke bango. Ta ce a yi.

Da safe ta ce wa Baba an gyara sitiyarin, wata waya ce ta saki a ciki. Ba ta iya kallon idonsa ba, tana magana tana zare zare daga bakin wani siket. Ya ce to. Ya zauna, ya ɗauki lodi, ya hau titi. Kwanar farko ta taho a hankali, ya sha ta sumul. Danja ta biyu ya tsaya daidai kan layi. Ya hau gada ya sauka. Auta ta koma kan kekenta, tana gode wa Allah a zuci.

Yana cikin miƙaƙƙiyar hanya, inda ba kwana ba mota, ta ji ya ce, "Auta."

"Na'am, Baba."

"Zo nan."

Ta zo ta tsaya a gefensa. Bai ɗauke ido daga allon ba.

"Allurar nan nawa take nunawa?"

"Tamanin."

"To dubi turakun wutan nan na gefe. Dubi yadda suke wucewa, ɗaya, sai ka yi hamma, sannan ɗaya. Wannan tamanin ce?" Ya ɗan yi murmushi. "Da na fito daga asibiti komai a hankali nake ganinsa, har mutane. Da na hau wannan abin sai na ɗauka haka tamanin take. Na manta ta. Kwana ukun nan da na yi ina faɗuwa, su suka tuna min. Waccan ita ce tamanin, Auta. Ita na yi shekara talatin ina tuƙawa."

Ya taka birki, ya gangara gefen hanya, ya kunna sigina kamar yadda ya saba, ya tsaya. Sannan ya juyo.

"Ba waya ce ta saki ba, ko?"

Ta girgiza kai.

"Gwaggo ma haka take tafiya? Duk wata takwas ɗin nan?"

Ƙarya ta zo mata har bakin leɓe. Da ta ce a'a, wataƙila da ya karɓa, ko don ya huta. Amma ba ta taɓa iya yi masa ƙarya sau biyu a jere ba. Ta tsaya tana murza zaren da ke hannunta, hawaye na ɗiga a kan yatsunta.

"To," in ji Baba. "To, shi ke nan. Daina kuka, ba ki yi laifi ba. Alheri kika yi niyya." Ya kashe kwamfutar da kansa, ya miƙe, ya ɗauki sandarsa ya shiga ɗaki.

Ranar komawa wurin likita ta faɗo Alhamis ta sama. Tun da sassafe Makanike ya iso, ya tsaya a ƙofar gida yana danna ham. Auta ta riga ta goge wa Baba farar rigarsa ta rataye a bayan kujera. Ya fito da singileti da zani a kafaɗa, ya leƙa ta taga.

"Kashe motar nan ka shigo, kana tayar wa maƙwabta da hankali."

"Ka shirya mana, layi zai yi tsawo."

"Ba inda za ni. Abin da likita zai gaya min na riga na gani, kuma ni ban biya kuɗin kati ba. Shigo mu sha shayi."

Makanike ya shigo. Ya bi Auta kicin kamar zai wanke hannu, ya rage murya. "Ki daina cin kanki, 'yar nan. Gara da ya gani a kan tebur. Da likita ya yi kuskure ya sa hannu fa? Tan talatin a bayansa, ga mutane a titi."

"Na sani, Baffa."

Ta sani ɗin. Ta yi ta gaya wa kanta haka tun ranar. Amma in ta tuna da a ce ta buɗe baki ta tambaye shi, ko ta tambayi Baffa, ko ta bari wata ɗayan nan ya wuce ya ji daga bakin likita, ya dawo gida ya zagi likitan ya ci gaba da tuƙinsa, sai ta ji sanin bai rage mata komai ba.

Ta kawo musu shayi ta koma gindin taga, ta shimfiɗa yadi ta ɗauki almakashi. Suka zauna suna juya cokali a kofi. Can Baba ya ce, "Wannan kujerar ta bakin ƙofar gareji, ta mai ɗaga wa motoci ƙarfe. An sa wani?"

Makanike ya ajiye kofinsa. "Tun da tsohon da ke zama a kanta ya tafi ba kowa. Me ya faru?"

"Ka yi min magana da manaja."

"Kai? Kai da ka ce ko gawarka ba za a ajiye a kujerar nan ba?"

"Na faɗa. Hannu ɗaya ai ya isa ɗaga ƙarfe."

Almakashin ya tsaya a hannun Auta. Ta buɗe baki za ta ce Baba ka yafe min. Shi kuwa ya miƙo kofinsa ta gefe ba tare da ya juyo ba.

"Auta, ƙaro mana ruwan zafi. Baffanki ya shanye."